Tukunyar da ke ƙarƙashin motar kawuna

Shekarun baya, Zamfara tana sabuwar jiha, kawuna ya sayo babbar mota 'yar Beljiyam. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ba ta hayaƙi. Ni da shegen bin ƙwaƙƙwafi har rarrafawa na yi ƙarƙashinta, na tarar da wata tukunyar ƙarfe a jikin salansa. Na zura kara, na kara kunne, ban ƙaru da komai ba sai ƙuna a goshi.

A tashar Shinkafi kuwa 'yan kasuwa suka ƙi ɗora mata kaya. "Motad da ba ta hayaƙi, ina ta ga ƙarhin hawan tudu?" Wani bakanike a Ƙaura ya ce tukunyar ce ke shanye hayaƙin, wai dokar ƙasar Turawa ce, a yanke ta kowa ya huta. Kawu ya sa rana.

Lokacin an fara Shari'a, an raba maza da mata. A motocin kasuwa igiya ake ɗaurawa, maza gaba, mata baya, daidai inda hayaƙi ke murɗowa ya shigo. Mahaifiyata tana da asma. Duk Alhamis in ta dawo sayar da daddawa, a zaune take kwana, ƙirjinta na kuka, mu kuma tsoro ya hana mu barci.

Wata Alhamis ta shiga motar ƙanen nata, don dai kada ya dawo wayam. Ranar a kwance ta yi barci.

Da safe ta aika aka kira shi. "Auta, in ka yanke tukunyag ga, numfashina ka yanke."

"Yaya, to mi za ni ci?"

"Ka ba ni mako guda."

Ashe gida-gida ta bi tana ba mata labarin motar. Ranar kasuwa muka iso garin Badarawa, sai ga mata jingim a inuwa, har da masu ƙwaryar nono, sun bar motoci suna wucewa suna jiran tamu. Mazan da suka yi dariya, ƙarshe buhunansu suka biyo kayan matansu.

Har yau ban san abin da ke cikin tukunyar nan ba, ga tabona a goshi. Amma mahaifiyata ta ci kasuwa shekaru bayan nan. Yanzu in na ga mota tana turnuƙe hanya, ba ƙarfinta nake gani ba, waɗanda ke zaune a baya nake dubawa.