Gidan da Ya San Takun Mai Shi

Kakata Hajo ba ta fara tatsuniya sai tuwo ya sauka. A Bambeye, bayan magariba, mukan kewaye murhunta, tana tura kara cikin wuta tana mitar mun cinye mata gujiya. Ina sonta ƙwarai, har da faɗan nata.

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta wata mata da aljani ya ba gida mai sanin takunta. In ta shigo da sauri, murhu ya kama da kansa. In ta shigo tana jan ƙafa, tabarma ta shimfiɗu, tulu ya matso, ƙofa ta rufe don ta huta. Ranar da mahaifiyarta ta rasu, ta dawo tana jan ƙafa. Ƙofa ta rufe, masu gaisuwa suka yi ta sallama suka koma, ta yi makoki ita kaɗai.

"Gidan ga ya san ƙahwatta," in ji Kaka, "amma bai san abin da ka jan ta ba."

Ni kuwa na ce duk da haka ina son irinsa. Ta harare ni ta ce dama tun ina goye ta san rago ne.

Ba ta yi ƙarya ba. Yanzu a Tawa agogon hannuna da wayata da na'urar ƙofa mai ƙararrawa da kyamara duk suna jin juna. Da agogo ya ga na kwanta, sai sauran su yi shiru. Wata Asabar na farka da la'asar, waya ta nuna mini wanda ya zo ina barci. Baba Illo ne, ƙanin mahaifina, wanda bai taka gidanmu ba tun da suka ɓata kan gona, har mahaifina ya rasu ba su shirya ba. Tsohon nan ya taso tun daga Takanamat. Ya yi sallama uku, kamar yadda aka koya masa, ya jira, ya juya.

Kunya ta kama ni, na kuma tsorata kada ya ɗauka da gangan ne. Na'urorin ba su yi laifi ba, abin da na koya musu suka yi. Ni ne na bar musu aikin sanin wa ya isa ya tashe ni.

Washegari ina ƙofarsa. Na yi sallama, shiru. Na sake, ina jin motsin butarsa a ciki. Na yi ta uku.

"Shigo, ɗana," ya ce. "Ni ban iya barinka waje."