Kuɓewar Inna

Inna, mahaifiyata, ta zo gidan mahaifinmu daga Gozaki da irin kuɓewa ɗaure a bakin zane. Gajeriyar kuɓewa ce mai kauri, wadda guda biyar ke ɗaure tukunyar miya. Shekara da shekaru tana shuka ta a bayan gida, tana barin wasu su bushe a jikin kara, ta fasa, ta adana ƙwayoyin cikin ɗan gora. Da idonta ya yi rauni sai ta kira ni ta miƙo mini goran. Abin da ya rage a ciki bai cika tafin hannu ba, domin ɓeraye sun riga mu.

Ni malamin makaranta ne a Malumfashi, amma ina da ɗan lambu a bakin fadama. Na yi dabara irin ta mai ganin ya yi boko: in shuka irin da bazara ina ban ruwa, ya yawaita kafin damina ta faɗi. Na zube shi duka a ƙasa, ko ƙwaya ɗaya ban rage ba.

Ya fito gwanin sha'awa. Sai dai da bazara ko'ina ya bushe, duk wani ƙwaro da ke garin, lambu yake nufa. Sati uku da tsirowa darɓa ta lulluɓe bayan ganyen, wasu ƙananan ƙwari masu tsalle kuma suka mayar da shi kamar rariya. Na koma gida na faɗa wa Inna.

"Kar ka sa mata maganin kanti," in ji ta. "Ka daka 'ya'yan bedi da barkono, ka jiƙa su kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulun salo. In rana ta yi sanyi ka tsoma tsintsiya kana yayyafawa."

Bedi shi ne darbejiya a bakinta. Na yi duk yadda ta ce, matata ta taya ni daka har atishawa ta kore ta daga tsakar gida. Tsintsiyar ce kawai ta tsaya mini a rai. Fadamar nan cike take da maza, kowa da famfon feshi goye a bayansa. In ratsa su da bokiti da tsintsiya kamar mai zuwa sharar ɗaki? Na san abin da za a yi ta faɗa a wurin mai shayi har shekara ta zagayo.

Maƙwabcina a lambun wani Alhaji ne mai manyan gonakin masara a hanyar Funtuwa. Na je na roƙe shi aron famfonsa.

"Alhaji, a wanke yake ko?"

"Haba Malam, tas yake. Ɗauka kawai."

Ban sake ɗauraye shi ba, don kada ya ga kamar na ƙaryata shi a gabansa. Na juye ruwan darbejiyar a ciki, na bi kunya-kunya ina feshi, har ina jin daɗin yadda aikin ke sauri.

Kwana uku ganyen ya fara yin rawaya. Na ce ko zafi ne, na ƙara ruwa. Kafin sati ya cika duk sun langaɓe, har da ciyawar da ke gefen kunyoyin. Ganin ciyawar ne ya sa na gane. Na sami Alhaji a gindin mangwaronsa na tambaye shi abin da ya fesa da famfon kafin ya ba ni.

"Maganin ciyawa ne, amma ai na zubar da sauran." Ya ɗan yi dariya. "Malam, kuɓewa ce fa. Je ka kanti, iri na nan a leda, wanda ma ya fi wannan."

Har yau idan na tuna dariyar nan raina ɓaci yake yi. Muna gaisawa, muna sahu ɗaya a masallaci, amma ban yafe masa ba. Haushin kaina kuwa ya fi nasa yawa, domin shi bai san abin da ke cikin kunyoyin nan ba, ni na sani.

Ban iya faɗa wa Inna ba. Duk lokacin da ta tambaya sai in ce suna nan suna girma. Ranar wata Asabar na hau babur zuwa Gozaki, na bi gidajen danginta ɗaya bayan ɗaya. Wata ƙanwarta ta ce rabonta da ganin wannan irin tun kafin ta aurar da 'yarta ta fari. Kowa ya koma na leda.

Da lokacin da ya kamata a fara tsinka ya yi, sai na shiga kasuwa na zaɓo gajeru masu kauri, na kawo gida na ce ga ta lambu. Haka na yi har sau uku. A na ukun ina zaune a ƙofar ɗakin Inna, matata ta kai mata tuwo da miyar kuɓewar. Inna ta kai loma ɗaya, ta daɗe tana juya ta a baki, sannan ta ture kwanon a hankali.

"Faɗa wa mijinki ya daina wahalar da kansa da zuwa kasuwa," ta ce. "Tun ta farko na gane."

Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, har ta rasu.