Matar da Na Bari a Kan Benci

Har gobe ban manta da wata Talata ba, a shekarata ta farko ta aikin unguwarzoma a wani ƙaramin asibiti a Pantami. Lokacin ina ji da kaina, farin kaya ya sha guga, takardar makaranta ko ninki ba ta yi ba. Talata ranar awo ce. Ƙa'ida ita ce duk mai cikin da ta zo da ciwon mara a shigar da ita ɗaki a duba ta tukuna. Ni kuwa, uwar iyawa, kunne nake aiki da shi. A wurina, wadda ta fi ihu ita ce ta kusa haihuwa.

Wajen ƙarfe goma wata mai suna Dija ta zo daga Bagadaza tare da surukarta, haihuwar fari. Na ce, "Yaya jikin?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi." Na ce, "Marar fa?" Ta ce, "Kaɗan-kaɗan." Na ce ta zauna a benci ta bi layi, har da ƙara mata karatu wai mai naƙudar gaske ba ta iya gaisuwa. Na koma kan wata da ke birgima tana kiran iyayenta, wadda sai bayan kwana uku ta haihu.

Shugabarmu Sista Rifkatu, 'yar Tangale da ta tsufa a aikin, ta zo wucewa sai ta ja ta tsaya.

"Hauwa, wa ya duba wannan?"

"Sista, ta ce da sauƙi."

"Bakinta ne ya ce. Dubi ƙafarta."

Na duba. Yatsun sun ƙanƙame silifa kamar za su huda shi, gumi ya jiƙe hijabin. Sista ta ce wa surukar, "Mama, ki ɗan jira mu a waje." Muna kwantar da Dija sai ga kai, cibiya ta naɗe wuyan ɗan. Ya fito shiru, ba motsi. Sista ta warware cibiyar, tana murza masa baya tana busa masa iska da robar numfashi. Ni mai takarda ina tsaye da almakashi, sai hawaye da majina. Da ya tsala kuka, wallahi nawa ya fi nasa ƙarfi.

Bayan an kimtsa, Sista ta kira ni ofis. Ta ce abin da na gani shi ne fulako. Kalmar daga Fulatanci Hausawa suka aro ta, pulaku, wato halin da ake so a ga Bafillace da shi: kunya, dauriya, da ɓoye abin da ke cin rai. Ta ce, "Ciwon yana nan, nuna shi ne abin kunya. Ta yi nishi a gaban surukarta, a kan ɗan fari? Gara ta haihu a bencin."

Kunya ta ishe ni. Na je gadon Dija na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba komai, Anti. Sannu da kuka."

Tun daga ranar na daina auna naƙuda da kunne. Mutanenmu da yawa sun fi iya shanye ciwo da faɗarsa, kuma aikinmu ne mu gano shi. Shi ya sa ku sababbin ma'aikata kuke ce mini Anti Duba-Ƙafa a bayan idona, na sani. Ku ci gaba da faɗa, amma duk wadda ta ce muku da sauƙi, ku fara da ita.