Kujerar Sardar Hukam Singh

A barandar ofishin Baturen gunduma a Amritsar kowa na zaune a ƙasa yana jiran kira, ban da wani tsoho. Dogo ne, gemunsa fari fat, rawaninsa shuɗi ya koɗe amma naɗinsa tsaf. Warwaron ƙarfe na wuyan hannunsa, doguwar takarda a naɗe a hammatarsa. Da ganin tsayuwarsa ka san an taɓa buga tambari a ƙofar gidansu.

Kujera ɗaya ce a barandar, ba mai zama a kanta sai wanda sunansa ke cikin littafin gidajen sarauta na Turawa.

"Sardar Hukam Singh, ga tabarma," in ji akawu. "Tun safe kake tsaye kamar dogari."

"Ɗana, sake duba littafin nan naka," in ji tsohon.

"Na duba, Baba. Daga kakanka sai suka bi ta tsatson ƙanen mahaifinka. Kujerar ta ɗansa ce."

Tsohon ya warware takardarsa. Yatsansa na bin sunaye bakwai ɗaya bayan ɗaya, har ya sauka kan nasa, da na jikokinsa a ƙasa, waɗanda littafin bai san da su ba.

Akawu ya rage murya. "Bature ya fita cin abinci. Ɗan zauna a kanta, ba mai gani."

"Ni ina gani," in ji tsohon.

Ya naɗe takardarsa, ya gyara tsayuwa.