Juma'ar da Muka Tarar a Kamlin

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na gefen Suki, mu uku: ni, da ƙanena mai ciwon gwiwa, da surukata matar marigayi ɗana. A Wad Madani wata ustaza, malamar jami'a, abokiyar aikinsa, ta zama ta huɗu. Ban yi makaranta ba. Ni ke faɗa, surukata ke rubutawa, kuma na hana ta gyara mini magana.

Ga abin da ya fitar da mu. Kafin rasuwarsa, ɗana ya shekara uku yana haɗa barnamaj, wato manhajar kwamfuta, na lissafin jam'iyyu, wato ƙungiyoyin taimako irin tamu ta mata. Kyauta ya yi shi, ya ajiye a intanet a buɗe, kowa ya ɗauka ya gyara. Sharaɗinsa biyu: a bar sunansa ciki, kuma wanda ya gyara ya bar nasa a buɗe. Na sha yi masa faɗa a kan aikin da ba ya kawo ko buhun dawa. Shekara biyu bayan mun binne shi, wata sharika, wato kamfani, ta raba wa jam'iyyu takarda, wai nasa daga nasu aka sato, a daina amfani da shi. Ɓarawo ke nan sunka kira shi, yana kwance ba ya iya amsawa.

Hanyar Sinnar shiru take a wannan lokaci. Hazo ya kwanta bisa tur'a, wato magudanar ruwan gonaki, balbelu tsaye a layi ba mai motsi. Direban hafila, motar hayar da munka shiga, ya kashe rediyo da kansa. A Madani munka ci ful, dafaffen wake, da gurasa, kwano ɗaya kuɗinsa jinai biyar, man cikinsa ɗan kaɗan kamar an ɗiga da allura. Ƙanena ya ce wa mai ful ɗin ko man ma azumi yake. Ni ban ci sosai ba. Daga nan sai auduga dama da hagu har ido ya gaji, ga rana.

Bayan azahar munka isa Kamlin, ofishin wata jam'iyyar marayu da ta sayi barnamaj ɗin sharikar. Su sunka yarda a zo a gwada a gabansu. Wutar lantarki ta ɗauke, an rufe tagogi saboda zafi, kwamfutar kaɗai ke haske da batir. Wakilin sharikar na zaune, mai farar jallabiya da turare mai yawa. Ya ce, "Ya Hajja, kin sha hanya a banza. Wannan aikin injiniyoyi ne." Na ce masa na ji, ya zauna.

Ustaza ta jera nasu da na ɗana gefe da gefe, tana nuna wuraren da sunka yi kama. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: lissafi ko'ina lissafi ne, dole a yi kama. Shugaban jam'iyyar ya fara gyaɗa masa kai. Ni rubutun duk tururuwa ne a idona. Amma na san abu ɗaya da na sa a ciki da bakina.

A jam'iyyarmu, macen da mijinta ya rasu ana ɗauke mata kuɗin wata har ta fita takaba. Ko'ina wata huɗu da kwana goma ne. A ƙauyenmu kuwa, in kwanakin sun cika, mace ba ta fita sai Juma'ar da ke biye, ranar ake wanka da sadaka. Da ɗana ya zo gwada mana barnamaj ɗin, ya lissafa kamar na littafi. Na ce ba mu karɓa. Kwana biyu muna musu, har ya gyara yana ƙunƙuni.

Na tambayi wakilin, nasu yana da wurin mai takaba? Ya ce ƙwarai, su sunka ƙirƙiro shi. Na ce ya sa ranar mutuwa, na ba shi ranar da ɗana ya rasu. Na ce kafin ya danna, ya lissafa da kansa. Ya ƙirga a kalandar bango, ya ce Litinin. Ya danna. Kwamfutar ta ba da Juma'a.

Ita ce Juma'ar da surukata ta fita takaba, ni na zuba mata ruwan wanka. Da ta ga ranar, ta tashi ta fita daga ofishin.  Wakilin ya sake dannawa har sau uku, ya ce ƙaramin kuskure ne, za a gyara.

Ustaza ta nemi wurin a cikin rubutun barnamaj ɗin. Mutanen sharikar sun goge sunan ɗana a ko'ina, sun goge bayanan da ya yi da Larabci da Turanci. Layi ɗaya sunka bari, don ba su jin Hausa, sun ɗauka na injin ne, sun ji tsoron in sun taɓa abin ya lalace. Ita ma ustaza ba ta jin Hausa, sai ta karanta a hankali, harafi harafi, da bakinta na Larabawa: "Inna ta ce sai Juma'a. Kar a taɓa, za ta yi faɗa."

 Haka ɗana yake magana, haka yake tsokanata. Ƙanena ya fara salati. Wakilin ya tambaya me aka ce, shugaban jam'iyyar ya tambaya, ba wanda ya iya fassarawa nan take. Ni na fassara musu, a tsaye.

Wakilin bai ba da haƙuri ba. Ya ce zai kai wa manyansa, ya tattara takardunsa, ya mance tabarau bisa tebur. A hanyar komowa ustaza ta ce wannan ya wadatar a Kamlin amma bai isa a janye takardar ba. Shaida mai ƙarfi tana cikin kwamfutar ɗana, inda kowane gyara ke da ranarsa. Tun rasuwarsa take cikin akwatina, a baya ta roƙe ni sau biyu na hana.  Munka kwana a Madani wurin dangi, munka iso gida da la'asar.

Abin da na koya bai da yawa. Aikin da na raina yana garuruwan da ban taɓa takawa ba, yana ɗauke wa matan da ban sani ba nauyi. Kuma mai kwafe aikin wani har da faɗan uwar wani yake kwashewa bai sani ba.

Washegari da na idar da salla na buɗe akwatin, na naɗe kwamfutar a sabon zane, na kai tashar Suki da kaina. Direban da zai kai wa ustaza ya ciro biro ya ce, "Hajja, kayan wa zan rubuta?" Ɗana na fari ne. Shekara talatin da huɗu yana raye ban taɓa kama sunansa ba, haka muka tashi. Na ce, "Haruna." Injin na ƙara, ya ce bai ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi.