Masu Sharar da Isiyaku Ya Kawo Daga Ikko

Jama'a, wallahi abin nan a gidana ya faru, a Funtuwa, tun Katsina tana ƙarƙashin Kaduna, kuma ni ba mace ba ce mai ƙarin gishiri a zance.

Ɗana Isiyaku yana aiki a gidan gurzar auduga, da Baturensu zai koma gida sai ya bar masa wani akwatin gilashi na kiwon kifin teku. Ya girke shi a ɗakinsa, ya sa direbobin Ikko suka kawo masa ruwan teku a jarka da wasu duwatsu masu ramuka, ya zuba, ya ce ba a sa kifi sai ruwan ya kwanta ya nuna, kamar wata daddawa. Ana nan gansakuka ta rufe gilashin, sai ga shi da gwangwani cike da dodon-koɗi da ƙananan ƙaguwa.

Na ce, "Su kuma waɗannan baƙin fa?"

Ya ce, "Masu shara ne, Inna. Su za su share wa kifi ɗaki."

Na ce, "Ka ɗauki ma'aikata, ka tambaye su ladansu?" Ya yi dariya, ya ce ni dai ba na rabo da magana.

Aiki kam sun yi, gilashi ya koma tas. Ni ina lura da wani dodon-koɗi mai tsagaggen baya, don duk sanda na shiga sai ya bar aiki ya tsaya ta ɓangaren da rijiyarmu take.

Ba a yi mako ba matar Isiyaku ta kawo mini ruwa a moɗa, na kurɓa na tofar. Zartsi! Rijiyar da tun mijina na raye take kamar madara, ga rani, ga jikoki, ta maƙwabta kuma da ke bayan katanga lafiyarta lau. Kullum gishirin ƙaruwa yake, har awaki suka ƙi sha. Isiyaku ya rantse ko ɗigo bai zubar a tsakar gida ba, kuma na yarda, don idona na kansa.

Na ce, "Ka mayar da su inda ka ɗebo su, har duwatsun."

"Haba Inna, me ya haɗa akwati da rijiya?"

"Ni ma ban sani ba. Ko su fita, ko ka bi su."

Ya kwashe ya ba direba. Ina tsaye a kansa, mai tsagar nan ba ya ciki, alhali akwatin da murfinsa. Motar na tashi, washegari ruwa ya dawo garɗinsa.

Shekaru suka wuce, na kira Malam Tanko mai yasar rijiya. Ya shiga, ya ɗago murya daga ƙasa: "Hajiya, wa ke share miki rijiyar nan? Ko gansakuka babu!" Da ya fito sai ya buɗe hannu. Innalillahi! Mai tsagar nan ne, da ransa, abin da Isiyaku ya ce ruwan daɗi na kashe shi nan take.

Na ce, "Malam, mayar da shi inda ka same shi, a hankali."

Har yau ruwan muke sha, ba a sake yasa ba. Ku dai abin ruwan da ba na ƙasarku ba, kada ku ba shi aiki a gida. Namu yana ƙasa yana shara, kuma bai faɗi ladansa ba tukuna.