Ranar da Na Sayar da Libobin Mijina

Me ya hana Malam, mijina, gaya mini cewa idanunsa sun tafi? Shekara da shekaru ina juya wannan tambaya a raina, har kaina ya yi fari fat, ban samu amsa ba. Ban yi lakwal ba, wato boko, ban iya riƙe alƙalami ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta muku wannan, ina faɗa ina share hawaye, kuma na roƙe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

A wancan lokaci ni mace ce mai kaifin baki, ina tuyar ƙosai a bakin lungunmu a Zangon Kwatano, ina ganin na fi mijina sanin inda duniya ta dosa. Shi kuwa gyaran keke yake yi a wata rumfar kwano kusa da kaskona. Shekarun da aka koma zaɓe ne, kowa ya samu bakin magana, masu babur na haya sun cika gari, kayan gwanjo na sauka a tashar jirgin ruwa ba dare ba rana. Tsofaffin kekunan mutanenmu haƙoran giyarsu jeri biyar ne, kuma irinsu sun daina samuwa a kasuwa. Sababbin ƙafafun baya da ake kawowa jeri bakwai gare su, suna tafe da sabuwar liba mai ƙas-ƙas, taɓi ɗaya giya ɗaya. Tsohuwar liba kuwa ɗan ƙarfe ne a jikin keke, ana tura shi da yatsa a hankali har sarƙa ta hau haƙori ta yi shiru.

Malam ya ƙi sababbin libobin ƙememe. Sai ya sa wa tsohon keke sabuwar ƙafa, ya bar masa tsohuwar libarsa. Yakan buɗa bayan keken da katako har ƙafar ta shiga. Da yake tsohuwar liba ba ta jan waya yadda sarƙa za ta kai babban haƙori, sai ya naɗa mata siririn yankin gwangwanin madara a gindi don ta ƙara kauri. Ni ke yanka masa gwangwanin da almakashi idan mai bai yi zafi ba. Daga nan ya rataye keken da igiya, ya riƙa juya feda, kunnensa dab da sarƙa, idonsa a rufe. Ni na ɗauka iyayi ne irin na tsofaffin gwanaye.

Masu zuwa wurinsa dattawa ne, masu burodi daga Vêdoko da wani mai kifi daga Ladji, wanda yake cewa ruwa da yashin unguwarsu suna kashe liba mai ƙas-ƙas cikin damina ɗaya, amma aikin Malam ko ambaliya ba ta ganin bayansa. Samari kuwa suna wucewa suna tsokanarsa, wai ƙasa ta canza gwamnati amma Baba ya kasa canza liba. Ni ma na kwashe maganar na kai gida, ina maimaita masa a kan tuwo. Sai ya yi murmushi ya ce uwar yara, sabuwar tana son a saita mata noti daidai da silin gashi, tsohuwar kuwa tana yi wa mai ita uzuri. Ban taɓa tambayarsa wane uzuri yake nema ba.

Wata rana ya tafi ta'aziyya ta kwana biyu. Na jawo babban gwangwanin da yake tara tsofaffin libobi a ƙarƙashin bencinsa tun kafin a haifi ɗanmu na fari, na kai wa masu sayen ƙarafa a kasuwar Tokpa-Hoho. Na haɗa da abin da na kwasa a adashi, na sayo masa kwali guda na sababbi, na ajiye a kan benci ina jiran godiya. Da ya dawo ya miƙa hannu ƙarƙashin benci kamar kullum, ya laluba, ya sake lalubawa. Na gaya masa abin da na yi ina fara'a. Ya ce Allah ya saka mini da alheri, sannan ya tambaye ni wane launi ne sababbin. Kwalin a buɗe yake a gabansa, da rana tsaka. Na yi dariya na ce baƙaƙe ne mana, ko sai na sa masa a ido. Wallahi haka na ce masa.

Cikin makon mai kifin nan ya kawo kekensa, libarsa ta karye. Malam ya kwana uku yana fama da sabuwa, abin da a da bai wuce tsakanin azahar da la'asar ba. Da mutumin ya hau, sarƙa ta zame masa a kan gada, ya faɗi, daron kifi ya watse a titi. Bai yi faɗa ba. Wurin kaskona ya zo, gwiwarsa a ɗaure, ya sassauta murya ya ce Inna, ki kai Malam asibiti, don ya ga Malam yana ɗora sukudireba a gefen noti yana murɗa iska. Likita ya ce ciwon sukari ne, ya daɗe yana cin idon, abin da ya rage inuwa ce kawai. Sai a ranar na gane cewa da yatsa da kunne mijina yake ciyar da mu, kuma da hannuna na kai kayan aikinsa kan sikeli. Ya rufe rumfa, bai sake buɗe ta ba, kuma ko sau ɗaya bai ambaci gwangwanin libobin ba.

Shirunsa ya fi mini duka ciwo. Na shiga yawon Tokpa kullum bayan na sauke kasko, ina tona tarin ƙarafa da hannu, masu wurin suna ce mini tsohuwa mai neman zinariya. An ce an riga an loda kayan an tafi da su narkarwa, ban yarda ba. Wata huɗu ina yi, shi kuma jiki na ƙara tsanani. Ranar wata Laraba na tsinci guda ɗaya duk tsatsa, na komo da gudu na sa masa a tafin hannu. Ya shafa ta, ya yi 'yar dariya, ya ce ta hagu ce, ta giyar gaba, ta dama ce ke yin aikin. Nan take na ɗauki mayafina, na ce tunda wannan ta fito 'yar uwarta na nan kusa. Ya yi mini magana ina bakin ƙofa, na ce masa yanzu zan dawo. Da na dawo hannu wofi bayan la'asar, na tarar maza sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

'Yan uwana mata, kuskure biyu na yi, na biyun ya fi na farko. Idan mijinku ya kafe a kan wata hanyar aiki da kuke gani ta tsufa, ku zauna ku tambaye shi dalili kafin ku taimake shi, don mai sana'a yakan ɓoye rauninsa a cikin gwanintarsa. Idan kuma kun riga kun yi ɓarna, kada neman gyara ya ɗauke ku daga gefen wanda kuka ɓata wa. Ni na tafi neman yafiya a cikin tarin ƙarfe, na bar mai yafiyar a kwance shi kaɗai. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ga abin da ya ce mini ina yafa mayafi, ban juyo ba:

"Uwar yara, bar kasuwar nan haka. Zo ki zauna kusa da ni."